An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Magana A Kan Akwatin Kallo Da Shaidar Masu Shi

 Ga wata mas'ala wadda ta yawaita a zauruka da rumfunan kasuwa, har ta kan shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, ta kan sa abokai biyu su tashi kowa yana zargin ɗan'uwansa da ƙarin gishiri. Mas'alar kuwa ita ce ta ɗan akwatin nan da a ke haɗawa da talabijin, wanda ba ya bukatar eriya ko tauraron ɗan Adam, sai dai ya ɗebo hotuna masu motsi ta hanyar intanet, ya zuba su a fuskar talabijin. Irinsa da yawa. Akwai Apple TV wanda ya fito a 2007, da Roku a 2008, da Chromecast na kamfanin Google a 2013, da Fire TV na kamfanin Amazon a 2014. Akwai kuma tarin waɗansu marasa sanannen suna, masu araha, waɗanda a ke shigowa da su daga ƙasar Sin, a kan kwalinsu an rubuta 4K da manyan baƙaƙe.

Ga yadda gardamar ta kan tashi. Mutum biyu su kan sayi akwati iri ɗaya, a kanti ɗaya, rana ɗaya. Bayan mako guda sai ka ji na fari yana yabo, yana cewa hoto tas, har gashin gemun mai magana ana iya ƙirgawa. Na biyu kuwa yana Allah wadai, yana cewa hoton dishi-dishi ne, fuskokin mutane sun narke kamar an shafa musu ruwa, kuma kowane ɗan lokaci sai ya tsaya cik, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Na uku, wanda ya tara kuɗinsa yana so ya saya, sai ya rasa maganar wa zai kama.

Abin da wannan fili ya tsaya a kai shi ne, yana yiwuwa su biyun duka gaskiya suka faɗa, amma ba a yin aiki da shaidar ko ɗaya daga cikinsu sai an san halin da ya yi kallon. Dalili kuwa, kyan hoto ba a hannun akwati kaɗai ya ke ba. Duk wanda ya taɓa kwafar littafi ya san kyan rubutu yana rataye a kan abu biyar: asalin da a ke kwafa daga gare shi, da tawada, da alƙalami, da takarda, da idon mai dubawa. Haka nan al'amarin kallo. Asali shi ne hoton kamar yadda masu shi suka ajiye shi. Tawada ita ce hanyar intanet ta gidan. Alƙalami shi ne akwatin. Takarda ita ce talabijin. Ido kuwa shi ne ido, tare da nisan wurin da mai shi ya zauna. Kadan ɗaya cikin biyar ɗin nan ya gaza, to, hoto ya gaza, amma da ya ke akwati ne sabon abu a gidan, shi aka biya kuɗinsa jiya, sai a ɗora masa laifin sauran huɗun.

Kafin a shiga hujjoji, ya kamata mai karatu ya san ma'anar lambobin nan da a ke rubutawa. Hoton da ke fuskar talabijin ɗigo-ɗigo ne masu launi, jere kusa da juna kamar zaren saƙa. Wanda a ke kira 720p yana da ɗigo 1,280 a kwance da 720 a tsaye, jimla 921,600. Wanda a ke kira 1080p yana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Shi kuwa 4K yana da 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimla 8,294,400, watau ninki huɗu na wanda ya gabace shi. Masu karatun ajami sun fi kowa sanin darajar ɗigo, gama da shi a ke raba ba da ta da nun, in ya narke harafi ya rikiɗe. Amma a lura, lambar nan iyakarta ta faɗi yawan gurbin ɗigo. Ba ta faɗin abin da aka zuba a cikin gurbin.

Hujja ta fari, game da asali, tana cikin labarin Apple TV. A watan Maris na 2007 kamfanin Apple na Amurka ya fara sayar da shi a kan dala 299. Akwatin yana iya nuna hoton 720p, abin da a ke gani babba ne a wancan lokaci. Mutane suka saya, suka haɗa shi da manyan talabijin, sai koke ya tashi cewa hoton bai kai yadda a ke tsammani ba, ya yi laushi, ba shi da kaifi. Da aka bi diddigi, ashe finafinan da kamfanin da kansa ya ke sayarwa a kantinsa na iTunes ba su wuce ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye ba, jimla 307,200, watau sulusin abin da akwatin ya ke iya ɗauka. Ƙaramin hoto ne aka miƙe shi a kan babbar fuska, aibinsa ya fito fili. A farkon 2008 kamfanin ya sabunta manhajar akwatin kyauta, ya fara ba da hayar finafinai masu 720p, ya kuma rage kuɗinsa zuwa dala 229. Wanda ya sayi nasa tun bara bai sake ko ƙusa ɗaya a jikinsa ba, amma hotonsa ya gyaru. To, wanda ya kushe a 2007 da wanda ya yaba a 2008, wane ne maƙaryaci a cikinsu? Babu. Alƙalami ɗaya ne, asalin da a ke kwafa ne ya sake.

Daga nan a kan gane wani abu mai amfani. Karatun wani malami da aka ɗauka a kaset na bidiyo shekaru talatin da suka wuce, aka ɗora shi a YouTube, babu akwatin da zai mai da shi 4K, kome tsadarsa. Gaskiya ne akwatin ya kan shimfiɗa ƙaramin hoto ya cika fuskar talabijin da shi, yana ƙirƙiro ɗigon da babu ta hanyar kintace daga maƙwabtansu, har talabijin ta rubuta 2160p a kusurwa. Amma wannan kamar mai ƙara ruwa ne a nono. Ƙwarya ta cika, nono yana nan yadda ya ke.

Hujja ta biyu, game da tawada, ita ce ta fi shafar mutanen ƙasashen nan. Hoto mai motsi ba ya tafiya a hanyar intanet yadda aka ɗauke shi, domin nauyinsa ya fi ƙarfin hanyar gidajen mutane. Sai an matse shi, kamar yadda a ke matse auduga a ɗaure ta kafin a loda wa mota. Sai dai matsin hoto ya bambanta da na auduga, gama shi a kan zubar da wani abu daga cikinsa, abin da a ke zaton ido ba zai kula ba. Gwargwadon tsananin matsi, gwargwadon abin da aka zubar. Aibin kuwa ya fi bayyana a wurin duhu, da hayaƙi, da ruwan sama, da ƙurar dawaki, da gudun 'yan ƙwallo, inda hoto ya kan farfashe ya zama gida-gida.

Ma'aunin gudun hanya shi ne megabit a kowace daƙiƙa. Kamfanin Netflix, wanda ya buɗe wa Nijeriya ƙofarsa a Janairun 2016, ya shawarci masu kallo da megabit 3 domin 720p, da 5 domin 1080p, da 15 domin 4K. Faifan Ultra HD Blu-ray kuwa, wanda ya fito a 2016, yana iya zubo megabit 100. Duka biyun ana kiransu 4K, yawan ɗigonsu ɗaya, amma abin da aka zuba a gurbin ɗigon ya yi nisa da juna. Har ila yau, kamfanonin su kan ajiye kowane fim a matakai da dama, daga mai nauyi zuwa mai sauƙi, a yayyanka shi gutsure-gutsure na 'yan daƙiƙoƙi. Akwatin yana auna hanya kullum, in ta yalwata ya ɗauko mai nauyi, in ta ƙuntata ya sauka zuwa mai sauƙi ba tare da ya yi shawara da mai gida ba. Saboda haka wanda ya yi kallo da hantsi, sa'ad da turken sadarwa na unguwa ba shi da cunkoso, da wanda ya yi kallo bayan lisha, sa'ad da kowa ya hau, ba abu ɗaya suka gani ba, ko da gidajensu suna jikin juna. Haka wanda ya haɗa akwatinsa da waya kai tsaye, da wanda Wi-Fi ɗinsa sai ya ratsa bangon siminti biyu kafin ya iso.

Wani lokaci ma ragin daga can tushe ya ke zuwa. A watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gida, wani babban jami'in Tarayyar Turai ya roƙi kamfanonin kallo su sassauta wa hanyoyin intanet. Netflix ya yarda ya rage nauyin abin da ya ke turawa a Turai da kimanin rubu'i har kwana 30, ta hanyar janye matakan da suka fi nauyi. Lambar da mai kallo ya biya kuɗinta ba ta sake ba, akwatinsa bai sake ba, amma masu kaifin ido sun ga bambanci. Wanda ya sayi sabon akwati cikin wannan wata ya kushe shi, lalle ya bar jaki ya doki taiki.

Hujja ta uku, game da takarda da ido. Galibin talabijin masu inci 32 ɗigonsu 1,366 ne a kwance da 768 a tsaye, watau miliyan ɗaya da 'yan kai. Wanda ya haɗa akwatin 4K da irin wannan, kashi ɗaya cikin takwas na ɗigon kaɗai zai samu wurin zama. Sa'an nan shi kansa ido yana da iyaka. A talabijin mai inci 55, lafiyayyen ido ba ya rarrabe ɗigon 1080p in ya wuce kamar mita biyu da kaɗan, kuma ba ya cin cikakken amfanin 4K sai ya matso kamar mita ɗaya. A falon da iyali su ke zama mita uku ko huɗu daga bango, galibin bambancin yawan ɗigo ya ɓace a hanya. Saurayin da ya tsuguna gaban talabijin da dattijon da ya kishingiɗa can baya ba tare da tabarau ba, in suka yi saɓani a kan hoto ɗaya, ba abin mamaki ba ne.

To, in wani ya ce, ashe ke nan akwati ba shi da laifi ko kaɗan, kowanne aka samu a saya? Sai a ce masa a'a. Alƙalami ma ya kan yi mugun fiƙe, kuma akwai aibi iri biyu waɗanda na akwati ne tsantsa.

Na fari shi ne rashin izini. Manyan kamfanonin finafinai ba su sakin hotonsu mai nauyi ga kowace na'ura, domin tsoron masu satar fasaha. Akwai wani makulli na Google da a ke kira Widevine, mai matakai. Akwatin da ke da babban mataki, L1, wanda kuma Netflix ya amince da shi, shi a ke ba 1080p da 4K. Wanda ke da ƙaramin mataki, L3, ba a ba shi sai ƙaramin hoto irin na faifan DVD, kome ƙarfin intanet ɗin gidan. Da yawa daga cikin akwatunan nan marasa suna a wannan hali su ke. Kalmar 4K da ke kan kwalinsu iyakarta tana nufin suna iya tura wannan adadin ɗigo zuwa talabijin, ko su buɗe wani hoton da aka zuba a filash. Ba ta nufin kamfanonin kallo za su ba su shi. Mai koke a kan irin wannan akwati yana da gaskiya, kuma ba sauya hanya ko talabijin da zai yi masa magani.

Na biyu shi ne akwati ya sa hannu a hoto inda ba a sa shi ba, kuma wannan ya kan samu har ga masu tsada. A Satumban 2017 Apple ya fitar da Apple TV 4K a kan dala 179. Yana da wani salo da a ke kira HDR, mai faɗaɗa tazara tsakanin haske da duhu, da yalwata launi. Sai dai a farkon fitarsa, akwatin ya kan tilasta wa kowane hoto shiga salon da aka saita, ko an shirya shi domin haka ko ba a shirya ba, kuma fim ɗin da aka ɗauka da hoto 24 a daƙiƙa ya kan fitar da shi a ma'aunin 60. Masana suka yi koke cewa launi ya jirkice, motsi kuma ba ya tafiya sumul. A Disamban wannan shekara kamfanin ya fitar da gyara, ya ba mai akwati zaɓin barin kowane hoto a kan asalin salonsa da asalin saurinsa. Haka kuma akwatin bai iya nuna 4K na YouTube ba sai a 2020, saboda bai karɓi irin matsin da YouTube ya ke amfani da shi ba. Abin lura a nan shi ne, masu wancan koke sun ambaci irin talabijin ɗinsu, da fim ɗin da suka gwada, da abin da idonsu ya gani filla-filla. Shi ya sa aka iya gane aibin, aka iya gyara shi. Da cewa suka yi kawai abin banza ne, da babu wanda ya ƙaru.

Yanzu magana ta zo kan attajirai masu sayar da kayan nan. Sananne ne a kanti a kan saita talabijin a kan haske mai tsanani, a sa mata hoton furanni da tsuntsaye daga filash, wanda aka shirya musamman domin jan ido, ba ya bin hanyar intanet ko kaɗan. Mai saye ya gani ya yi sha'awa, ya biya, ya kai gida ya haɗa da datar wayarsa, sai ya ga wani abu dabam. Gobe da safe ba zai tafi ƙasar Sin ya kai ƙara ba, kantin da ya saya zai dawo, gama zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. In mai kanti ya ce ba shi ya rubuta abin da ke kan kwali ba, sai a ce masa, wanda ya auna wa mutane hatsi da mudun da ya san ya lotsa, ba ya kuɓuta don ba shi ya ƙera mudun ba. Sayar da akwati da sunan 4K alhali an san ba a ba shi izinin 4K ba, algus ne, ko da kwalin ne ya yi maganar, mai kanti ya yi shiru. In kuwa bai sani ba, to, ya tambayi wanda ya ke saro wa a hannunsa, a Alaba ta Legas ne ko a Sabon Gari ta Kano, ko ya kunna guda ɗaya ya gwada da kansa, aikin rabin sa'a ne. Ribar da za a rasa saboda faɗin gaskiya a kan akwati ɗaya ba ta kai asarar mai saye wanda ya tafi yana ba dangi da abokai labari ba.

Shi kuma mai saye, ya yi lissafi tun bai kwance bakin aljihu ba, domin kuɗin akwati sau ɗaya a ke biya, kuɗin data kuwa kowane wata ne. Bisa ga ƙiyasin Netflix, kallon sa'a ɗaya yana iya cin gigabait 1 a ƙaramin hoto, da 3 a matsakaici, da 7 a 4K. Gidan da ke kallo sa'a biyu kowane dare, a kwana 30 zai iya cin gigabait 60, ko 180, ko 420. A tuna kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta yardar wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Mutumin da ke sayen data kaɗan-kaɗan, in ya sayi akwatin 4K, kamar wanda ya sayi ingarma ne ba shi da rumbun dawa. Wanda kuwa bukatarsa ita ce ya saurari karatu ko labarai, inda mutum ɗaya ke zaune yana magana ba wani motsi mai yawa, 720p ta ishe shi har da saura, kuma tsabtar murya ta fi masa amfani bisa yawan ɗigo. Ya nemi akwati mai izini, ya saita shi a matakin da aljihunsa zai ɗauka, ya huta.

Saura masu ba da shaida. Alƙali ba ya karɓar maganar mai cewa na gani sai ya tambaye shi ina ya tsaya, da wane lokaci, da rana ne ko da dare. Haka ya kamata a yi wa duk wanda ya yabi akwati ko ya kushe shi. A tambaye shi abin da ya kalla, da inda ya ɗauko shi. A tambaye shi irin hanyar intanet ɗinsa, da lokacin da ya yi kallon. A tambaye shi girman talabijin ɗinsa da yawan ɗigonta, da nisan wurin zamansa. A tambaye shi ko ya taɓa gwada wani akwati dabam a kan wannan hanya da wannan talabijin, gama sai an gwada a kan san na ƙwarai. In ya amsa, aka ga halinsa ya yi daidai da na mai tambaya, to, shaidarsa abin kamawa ce. In ya kāsa amsawa, a gode masa, a ɗauki maganarsa a matsayin labari. Shi ma mai ba da ra'ayin ya sani akwai nauyi a kansa, domin da maganarsa wani zai fitar da kuɗin guminsa, ko kuma a ƙaurace wa kayan wani bawan Allah ba da haƙƙi ba.

Wanda ya samu dama, ya roƙi mai kanti ya kunna masa akwatin a kan intanet, da irin datar da zai yi amfani da ita a gida, ya buɗe ainihin abin da ya ke so ya riƙa kallo, ya ja da baya gwargwadon faɗin ɗakinsa, sa'an nan ya yanke shawara. Mai kantin da ya yarda da wannan gwaji, a riƙe shi. Gani ya kori ji.

Allah ya sa a dace. Haza wassalam.